Kafin Ka Shiga Teku Kallon Kunkuru: Abin Yi da Abin Bari Ga 'Yan Kilomita Biyar

Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ba ta da ko taku ɗaya na gaɓar teku. Ɗan unguwar Kilomita Biyar ta Bangui da ke son ganin ruwan gishiri sai ya kama hanyar Boali da Bouar, ya tsallaka iyaka daga Beloko zuwa Garoua-Boulai, ya ci tafiyar da ta kai kilomita 1,400 kafin ya ji ƙamshin teku a Duwala. Iyayenmu fatauci ne ya kai su wannan hanya, su sari kaya su juyo. 'Ya'yansu kuwa sun ƙara da shaƙatawa. Wani idan ya gama sallamar kayansa a tashar jiragen ruwa sai ya zarce Kiribi ya yi kwana biyu. Wani ya ɗauki amaryarsa su bi jirgin sama har Zanzibar. Ba a jimawa sai hotuna su cika WhatsApp da Facebook: ga mutuminmu da gilashin ruwa a fuska da bututun numfashi a baki, hannunsa a kan bayan kunkurun teku, yana murmushi.

Tafiya halal ce, kallon halittar Allah kuma abu ne mai kyau. Amma wanda ya shiga teku kallon kunkuru ya ɗauki amanar rai biyu, nasa da na dabbar. Teku na iya kashe shi cikin mintoci kaɗan, shi kuma yana iya cutar da dabbar da ta kwashe shekaru ashirin ko talatin kafin ta isa haihuwa. Kuɗin da ka biya na kallo ne kawai. Ga ƙa'idojin nan, ka karanta su tun ƙafarka tana kan ƙasa.

TUN KANA BANGUI

1. Ka koyi iyo kafin ka sayi tikiti. Wanka a bakin kogin Ubangi da ruwa iya gwiwa bai sa ka zama mai iyo ba. Ka gwada kanka a tafkin wanka a gaban wanda ya iya: ka kwanta rigingine a kan ruwa ba tare da fargaba ba, ka ratsa tafkin ka dawo ƙafarka ba ta taɓa ƙasa ba. Idan ba ka iya wannan ba, ka faɗa wa jagoranka da bakinka kafin a tashi jirgi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ruwa yana cin mutane kusan 300,000 a kowace shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a Afirka ce ta fi kowace nahiya asara. Kunyar cewa "ban iya ba" ta kai mutane da yawa kabari.

2. Ka ga likita idan kana da hawan jini, ciwon zuciya, asma, farfaɗiya ko ciwon suga. Numfashi ta siririn bututu ya fi numfashin sarari wahala, kuma jiki a kwance cikin ruwa yana ƙara wa zuciya aiki. A Hawai ta Amurka, inda masu wannan wasa suka sha mutuwa, bincike ya nuna wasunsu ba ruwa suka shaƙa ba, huhunsu ne ya tara ruwan jiki har iska ta gaza musu, suka yi laushi shiru babu ko ihu. Wanda ya sauka daga doguwar tafiyar jirgin sama ya huta kwana ɗaya ko biyu kafin ya shiga ruwa.

3. Ka san inda za ka, ka san lokacinsa. Gaɓar da ta fi kusa da mu ita ce ta Kamaru. A ƙauyen Ebodje, kimanin kilomita 50 kudu da Kiribi a kan hanyar Campo, kunkuru na fitowa yin ƙwai daga ƙarshen shekara zuwa farkon sabuwa, kuma a 2021 gwamnatin Kamaru ta mayar da ruwan yankin gandun da doka ta kare. Haka ma kudancin tsibirin Bioko, da Pongara da Mayumba a Gabon, ƙasar da ta fi kowacce a duniya yawan kunkuru mai bayan fata da ke zuwa yin ƙwai. Sai dai waɗannan wurare na kallo ne daga tudu, don ruwansu yakan yi duhu kuma igiyarsu na da ƙarfi. Mai son ruwa garau da zai ga dabbar tana iyo a ƙarƙashinsa sai ya nufi irin su kewayen tsibirin Mnemba a arewa maso gabashin Zanzibar. Can ma ka kauce wa manyan ruwan sama na Afrilu da Mayu.

4. Ka shirya takardunka. Katin allurar zazzaɓin shawara ya kasance tare da fasfonka. Tun 1 ga Oktoba 2024 Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo sayen inshorar gwamnatinta, wadda aka fara a kan dala 44. Ka biya ta, ka kuma ajiye lambar wayar da ke jikin takardar inda abokin tafiyarka zai gan ta.

5. Kada ka ba da kuɗinka ga wanda ya yi maka alkawarin taɓa kunkuru. Dabbar daji ce, ba wanda ke da iko da fitowarta. Duk jagoran da ya ce lallai sai ya sa ka riƙe ta, to ko dai yana bin ta da jirgi har ta gaji, ko yana yaudararta da abinci, ko ya tsare ta a rami. Jagora na kirki shi ne wanda zai fara jero maka abubuwan da aka hana tun ba ka tambaya ba.

A BAKIN JIRGI

6. Kada ka hau jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima. Mutumin Bangui ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Ranar Juma'a 19 ga Afrilu 2024 jirgin katako ɗauke da mutane fiye da 300 masu zuwa jana'iza ya kife a kogin Mpoko, a ƙalla mutum 58 suka rasu, ga gari ana gani. Ita ma Zanzibar ta ga nata: a daren 10 ga Satumba 2011 jirgin Spice Islander ya nutse tsakanin tsibiran Unguja da Pemba saboda nauyin lodi, ɗaruruwan rayuka suka salwanta. Ka ƙirga kawuna, ka ƙirga rigunan ceto. Idan kawuna sun fi yawa, ka sauka ko da kuɗinka ba zai dawo ba.

7. Ka sa rigar ceto, ka ɗaure ta tamau. Rigar da aka rataya a kafaɗa ba a ɗaure ba, da ka faɗa ruwa za ta haura kunnuwanka ta bar ka a ƙasa. Ka ja igiyoyin har sai ka ji ta kama ƙirjinka, ka sa wani ya ja ta sama daga kafaɗu ya gani ko za ta zame. Kada ka cire ta don ta ɓata maka hoto. Alhaji da yaron shagonsa duk nauyi ɗaya suke a wurin teku.

8. Ka gwada gilashin tun kana kan jirgi. Ka ɗora shi a fuska ba tare da ka sa igiyarsa ba, ka ɗan ja iska ta hanci, ka saki hannu. Idan ya manne, naka ne. Idan ya faɗo, ka nemi wani. Gashin baki yakan hana robar zama a ƙarƙashin hanci, don haka mai gashin baki ya rage shi kafin ranar. Ka ɗan tofa yawu a cikin gilashin ka goga da yatsa ka ɗauraye, hakan na hana shi yin hazo. Sannan ka tsaya inda ruwa ke iya ƙugu, ka sunkuya ka yi numfashi ta bututun a hankali har jikinka ya saba. Idan ruwa ya shiga bututun, ka fesar da shi da hurawa ɗaya mai ƙarfi. Gilashin nan mai rufe fuska gaba ɗaya, musamman mai arha, ka bar shi: iskar da ka fitar takan taru a ciki ka sake shaƙarta, kuma cire shi da sauri yana da wuya.

9. Kada ka shiga ruwa da jallabiya, zane ko dogon hijabi. Tufafi masu faɗi suna shan ruwa su yi nauyi, su nannaɗe ƙafafu, su rufe fuska. 'Yar uwa, sutura da tsira ba sa karo da juna. Akwai kayan wanka masu dogon hannu da dogon wando da hular da ke kama kai, suna rufe jiki ruf ba sa jan ruwa. Ki saye su tun kafin tafiya. Namiji ma ya sa riga mai dogon hannu, don baƙar fata ma rana na ƙona ta, musamman ƙeya da gadon baya da ke sama tsawon sa'a guda. Riga ta fi man kare rana, wanda wasu sinadaransa ke cutar da murjani har ƙasar Palau ta haramta su a 2020, Hawai ta hana sayar da su a 2021.

10. Kada ka shiga da azumi, ko da ciki cike da abinci, ko da wani abin maye a jikinka. Mai azumi ruwan jikinsa ya riga ya ragu, ga rana ga gishiri, ga ruwan da zai riƙa shiga baki. Wanda ya sha ƙwaya ko giya kuwa ya riga ya zubar da hankalin da zai fitar da shi. Ka kuma duba lokacin salla kafin jirgi ya tashi, don tafiyar da aka ce ta sa'a biyu ce takan cinye Azahar da La'asar.

11. Ka tambayi masunta halin ruwan ranar. Teku na cika ta janye sau biyu a kwana ɗaya, kuma a gabashin Zanzibar bambancin yakan kai mita 3 ko fiye. Wurin da ka taka da ƙafa da hantsi zai iya shanye kanka da rana tsaka. Idan masu jirgi suka ce yau ba a fita, magana ta ƙare. Kada ka ƙara musu kuɗi don su canza ra'ayi.

A CIKIN RUWA

12. Kada ka taɓa shiga kai kaɗai. Ku zama biyu biyu, kowa idonsa a kan ɗan uwansa. Duk bayan ɗan lokaci ka ɗaga kai ka duba ina jirgi yake, don mai kallon ƙasa ruwa na tafiya da shi bai sani ba. Ka nisanci bayan jirgi inda farfelar inji take, ka kuma kula da sauran jiragen da ke kawo baƙi.

13. Ka bar tazarar mita 3 a ƙalla tsakaninka da kunkuru. Wannan ita ce tazarar da hukumomin Hawai suka shawarta, kuma ta dace da ko'ina. Ka zo ta gefensa inda zai gan ka, a hankali, hannuwanka a jikinka, ƙafafunka ba sa fantsama ruwa. Idan shi ya matso, ka tsaya cik ka bar shi ya wuce. Wanda ya natsu shi ya fi kowa more kallo, don dabbar da ba ta tsorata ba takan ci gaba da kiwonta a gabanka.

14. Kada ka tsaya a samansa. Kunkurun teku huhu gare shi, iska yake shaƙa. Ka lura da shi yana kiwo a kan ciyawar ƙasan ruwa: zai yi ta yankar ciyawa da bakinsa, can sai ya dakata, ya ɗaga kai, ya buɗe manyan hannayensa na gaba ya taso a hankali. Da ya iso sama sai ya fitar da kai, ka ji "fuu" sau ɗaya, ya ja iska, wani lokaci ya maimaita sau biyu ko uku, ya juya ya koma. Duk abin bai wuce 'yan daƙiƙoƙi ba, amma ransa a kansu yake. Idan yana barci yana iya yin sa'o'i a ƙasa. Idan yana cikin firgita iskarsa na ƙarewa da wuri, shi ya sa wanda ya maƙale a komar masunta yake mutuwa. Mutum goma da suka yi layi a samansa da kyamarori sun toshe masa ƙofar numfashi. Da ka ga ya fara tasowa, ka ja baya ka buɗe masa hanya.

15. Kada ka taɓa shi, kada ka riƙe shi, kada ka hau bayansa. Ba da hannu ba, ba da ƙafa ba, ba da sandar ɗaukar hoto ba. Riƙe shi yana hana shi tasowa shan iska, taɓa shi yana koran shi daga wurin kiwonsa. Kai ma ba ka tsira ba: baki gare shi mai kaifi da ƙarfi, kuma irin waɗannan dabbobi na ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke sa gudawa da zazzaɓi. A ƙasashe da dama taɓa shi laifi ne mai tara. Mun taso da jin labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare. Wanda ya san wannan bai da hujjar danne dabba a ƙarƙashin ruwa don hoto.

16. Kada ka bi shi, kada ku kewaye shi. Idan ya juya maka baya ya ƙara sauri, ya gaya maka ya gaji da kai. Ba za ka cim masa ba, kanka kawai za ka gajiyar, ka yi nisa da jirgi.

17. Kada ka ba shi abinci. Burodi, biskit da guntun kifi ba cimarsa ba ne. Koren kunkuru idan ya girma ciyawar ruwa da gansakuka yake ci, mai bakin shaho kuwa soson teku yake tsinta a jikin murjani. Wanda ya saba karɓa daga hannun mutum sai ya riƙa tunkarar jirage, farfela ta sare shi, ko ya tunkari wanda zai yanka shi.

18. Kada ka taka murjani, kada ka ɓalle shi. Abin da kake gani kamar dutse mai rassa halitta ce mai rai, wani irinsa a shekara guda bai fi tsawon gaɓar yatsa yake ƙaruwa ba. Taku ɗaya yana rusa ginin shekaru. Kuma a nan ne abubuwa masu dafi suke fakewa: bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi da ke karyewa a cikin tafin ƙafa, da kifi mai kama da dutse wanda harbinsa ke kai mutum asibiti, da dodon koɗi mai tsini da kyan zane wanda dafinsa ya taɓa kashe mutane. Idan ka gaji, ka juya rigingine ka huta a kan rigar cetonka. Abin da ba ka san shi ba, kada hannunka ya kai gare shi.

19. Kada ku yi gasar riƙe numfashi. Samari sukan ja numfashi da sauri sau da yawa kafin su nutsa, wai don su daɗe a ƙasa. Wannan dabara tana kashe ƙararrawar da ke gaya wa jiki lokacin shan iska ya yi, sai mutum ya suma a cikin ruwa ba tare da ya ji komai ba. Gwanayen iyo ne ma suka fi mutuwa ta wannan hanya.

20. Idan ruwa ya ja ka zuwa ciki, kada ka yi kokawa da shi. A gaɓoɓi masu igiya irin na Kiribi akwai wuraren da ruwan da ya bugi tudu yake komawa ta siririyar hanya da ƙarfin da ya fi na kowane mai iyo. Wanda ya nufi tudu kai tsaye zai gaji ya nutse. Ka kwanta a kan ruwa, ka ɗaga hannu ɗaya a gan ka, ka yi iyo ta gefe daidai da tsawon gaɓa har ka fita daga hanyar, sannan ka nufi tudu. Iya ruwa fidda kai.

21. Kada ka ɗauke ido daga yaro. Ya kasance inda hannunka zai kai gare shi, da rigar ceto daidai jikinsa. Balan-balan ɗin da ake hurawa a sa a damtse abin wasa ne. Mai nutsewa ba ya ihu kamar yadda ake nunawa a fim, shiru yake tafiya. Kada a bar wa babbar ya ƙannenta a ce ta kula da su.

22. Ka san abin yi idan an fito da wanda ruwa ya ci. Kada a ɓata lokaci wajen danna masa ciki ko juya shi ƙafa sama don ya amayar da ruwa. Idan ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska baki da baki, sannan a riƙa danna tsakiyar ƙirji sau 30 ana hura iska sau 2, har taimako ya iso. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti, don huhu kan rikice bayan sa'o'i.

A BAKIN GAƁA DA DARE

23. Kada ka je kallon mai ƙwai sai da jagoran wurin, kuma kada ka kunna fitila. Uwar takan fito ne cikin duhu, tana jan jikin da ya kai buhu biyu ko uku na masara nauyi, mai bayan fata ma ya ninka haka. Idan ta ga haske ko motsi kafin ta fara, sai ta juya ta koma ruwa da ƙwanta. Idan ta sami natsuwa, sai ta share wuri da hannayen gaba, sannan ta haƙa rami da ƙafafun baya, wannan ta ɗebo yashi ta watsar, waccan ta karɓa, har ramin ya kai zurfin hannu. Ta zuba ƙwai kusan 100 farare masu laushin ɓawo, ta rufe, ta daddaɓe, ta watsa yashi don ɓad da sawu. Za ka ga kamar hawaye a idonta, gishirin jikinta take fitarwa. Ka zauna a bayanta, nesa, bakinka a rufe, wayarka a aljihu. Idan haske ya zama dole, jagora na da jar fitila.

24. Kada ka tona gurbi, kada ka kafa laima ko ka hura wuta a kusa da shi. Ƙwan na yin kamar wata biyu a cikin yashi, kuma zafin yashin ne ke yanke jinsin 'ya'yan: idan ya haura kusan digiri 29 mata sun fi yawa, idan ya gaza maza sun fi yawa. Duk abin da ya canza zafin wurin ya taɓa zuriyar.

25. Kada ka ɗauki jariran ka kai su ruwa, kada ka haska su. Suna fitowa ne da dare su nufi inda sararin sama ya fi haske, wato saman teku. Fitilar waya ko ta otal tana juya su zuwa tudu, inda ƙaguwa da karnuka da zafin rana ke jiransu. Ka kauce musu, su yi tafiyarsu da ƙafafunsu. Masana na ƙiyasta cewa a cikin 1,000 da ƙyar ɗaya ke kai girma, kuma macen da ta rayu yankin da aka ƙyanƙyashe ta take komawa ta yi nata ƙwan bayan shekaru masu yawa.

26. Kada ka yar da leda. A cikin ruwa leda na kama da wata lallausar halitta mai yawo da kunkuru ke ci, sai ya haɗiye ta ta toshe masa hanji. Tanzaniya ta haramta jakar leda tun 1 ga Yuni 2019, har baƙo ana buƙatar ya bar tasa kafin ya shiga ƙasar. Robar ruwanka da ledar biskit ɗin yaranka su koma jakarka.

A KAN FAIFAI DA A KASUWA

27. Kada ka ci namansa, ko wa ya ba ka. Wani zai ce maka malamanmu na Malikiyya sun halatta dabbobin teku. Haka ne, amma su ɗin dai ne suka hana mutum cin abin da zai halaka shi. Naman kunkurun teku wani lokaci yana ɗauke da gubar da ake dangantawa da irin gansakukar da yake ci. Ba a gane ta da ido ko da hanci, dafuwa ba ta kashe ta, kuma babu maganin da ke karya ta. A Maris 2024 yara 8 da mace 1 suka rasu a Pemba bayan sun ci wannan nama, aka kwantar da mutum 78. A Nuwamba 2021 mutum 7 suka rasu a tsibirin, har da ɗan shekara 3. A Maris 2021 mutum 19 suka rasu a gabashin Madagaska. Yara ta fi kashewa, kuma tana bi ta nonon uwa ta kai ga jariri.

28. Kada ka sayi ƙwansa. Za a raɗa maka cewa yana ƙara ƙarfin namiji. Ƙarya ce da ake sayar wa baƙi. Kowane ƙwai da ka saya ka biya wani ya koma ya tona wani gurbin.

29. Kada ka yi tsarabar ƙoƙon bayansa. Awarwaro, zobe, matsefi da firam ɗin tabarau masu ruwan zuma da ɗigon baƙi, da ƙoƙon kunkuru mai bakin shaho ake yin na ainihinsu, kuma wannan ciniki ne ya kai shi bakin ƙarewa. Duka nau'o'in kunkurun teku 7 suna cikin jerin farko na yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda ƙasarmu ta shiga a 1980. Matsayinsu a wurin jami'in kwastan ɗaya ne da na hauren giwar gandun dajin Dzanga-Sangha. Ɗan kasuwar da ya san abin da haure ke jawowa a filin jirgi kada ya saka wannan a jakarsa, balle ya yi tunanin sarinsa.

30. Ka kai kuɗinka inda zai amfani dabbar da masu tsaronta. A Ebodje mutanen ƙauye ne ke sintiri a gaɓa suna tsare gurabe, suna kuma saukar da baƙi. A Nungwi ta arewacin Zanzibar akwai tafkin Mnarani da mutanen gari suka kafa a 1993 don jinyar kunkurun da koma ta kama, a sake shi idan ya warke. Ka biya kuɗin shiga ba tare da ciniki irin na kasuwar Kilomita Biyar ba, ka sallami jagoran da ya hana ka abin da ranka ke so. Masuncin da ya ga kunkuru mai rai yana kawo masa abinci ba zai yanka shi ba.

31. Kada ka watsa hoton ɓarna. Hotonka riƙe da kunkuru darasi ne ga duk wanda ya gani a unguwa, kuma shi zai je ya maimaita. Idan kana da irinsa a wayarka, ka goge. Idan ɗan uwanka ya aiko maka da nasa, ka yi masa barka da dawowa, sannan ka gaya masa gaskiya.

'Yan uwa, ku je ku ga teku, ku kai iyalanku su ga abin da ba a gani a Ubangi. Amma ku je da iyo, ku je da rigar ceto, ku riƙe hannuwanku a jikinku, ku dawo da jaka babu nama, babu ƙwai, babu ƙoƙo. Wanda ya san ba zai iya kiyaye waɗannan ba ya zauna a kan jirgi ya yi kallo daga sama, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.